Allurar Uwa, Garkuwar Jariri

 

Dattawan unguwarzoma na Mirya da Magarya sun san wannan yaro. An haife shi lafiya, ya kama nono. Suna ya kusa, sai bakinsa ya ƙi buɗewa, jiki ya sandare, baya ya banƙare, ko motsin ƙofa ya ji sai ya zabura. Tsinkau-tsinkau ke nan, wadda likitoci ke kira tetanos. Ta cibiya take shiga, daga tsohuwar reza ko tokar da aka barbaɗa. A 1988, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ta kashe jarirai 787,000. Zuwa 2018 adadin ya sauko wajen 25,000, kuma a 2016 aka tabbatar Nijar ta shawo kanta. Babban abin da ya kawo haka allura ce a damtsen uwa. Jikinta ya haɗa garkuwa, ta bi ta mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, a haife shi da kariyarsa tun bai kai lokacin tasa allurar ba.

Yanzu bincike ya bi wannan hanya zuwa wasu cututtuka. A Bamako an gwada rigakafin mura mai tsanani a kan masu juna biyu fiye da 4,000, aka ga ya kare jariransu a watannin farko. A 2023 Amurka ta amince a yi wa masu juna biyu allurar RSV, ƙwayar cutar da ke toshe ƙirjin jarirai, wadda ke kashe yara kusan 100,000 duk shekara, galibi a ƙasashe irin namu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ita wannan allura sai ciki ya kai mako 28 ake son a yi ta. Kamfanin GSK ma ya dakatar da nasa gwajin a 2022 da ya ga haihuwar bakwaini ta ɗan ƙaru. Lokaci ke nan ba abin wasa ba ne. Amma matar ƙauyen Tanut da wata take lissafi, ba da mako ba. Mai cikin fari kuwa kunya ta hana ta faɗa, sai ciki ya fito fili a kai ta awo, in ma an kai ta. Tun 2006 gwamnati ta ce awon ciki kyauta ne, sai dai nisan hanya da izinin maigida ba su shiga wannan doka ba. Wa zai auna mana lokacin da matanmu ke zuwa awo in ba mu ba?

Kada a ce ba za mu iya ba. A Madarunfa aka gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafi, duniya ta karɓi sakamakon a 2017. Damagaram tana da babban asibiti, da cibiyar kula da uwa da yaro, da Jami'ar André Salifou.

Na san akwai tsoro, kuma ba na raina shi. Ba mu manta da gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba. Saboda haka duk binciken da zai zo, a yi wa mace bayani da Hausa ko Barbarci, ta amince da bakinta, malamai da fada su san da shi. Ku kuma ɗalibai, ku fara da rajistar awon ciki ta asibitocin karkara, ku gano mana a wata na nawa matanmu ke fara zuwa.