Baje kolin kimiyya: kafin ku yanka kwali, ku leƙa kwandon tumatir

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda masu cewa data ba ta isar su sauraron murya.

Yau da ƙannenmu 'yan sakandare nake, na ƙarama da na babba, da malaman da aka ɗora wa kulob ɗin JETS a makarantunmu na Ikara da Makarfi da Kudan. Duk sa'ad da aka ce za a yi baje kolin kimiyya, tambaya ɗaya ce ke yawo a aji: me za mu ƙera? Amsar ma kusan ɗaya ce. Gidan bene na kwali da ƙwan fitila a ciki, motar gwangwani, fanka mai batir, wani ma ya kwaikwayo dutse mai aman wuta daga YouTube, alhali bai taɓa ganin irinsa ba. Wallahi ba raina su nake ba, yaron da ya iya haɗa waya har fitila ta kawo yana da hannu. Amma bari alƙalin gasa ya tsaya a gaban teburinsa ya ce, "To yaro, me ka gano?" Sai ka ji tsit.

Ni a ganina, aikin da ke da daraja shi ne wanda ya fara da tambaya, kuma tambayar da sikeli ko ma'aunin zafi ko agogo ko ƙirge zai iya amsawa. Irin waɗannan tambayoyin kuwa, a yankinmu zube suke a gona da kasuwa da kicin.

Mu fara da Ikara. Kowa ya san Ikara da tumatir, har masana'antar sarrafa shi gwamnati ta kafa a garin tun farkon shekarun 1980. Kowa kuma ya san abin da ke faruwa idan na rani ya nuna lokaci guda: kwando ya faɗi warwas, wanda bai samu mai saye ba yau, jibi ya fara ruwa. To ga tambaya: kwana nawa za a iya ƙara wa tumatir ba tare da wutar lantarki ba?

Akwai wani malami mai suna Mohammed Bah Abba da ya koyar a Dutse ta Jihar Jigawa, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane. Ya ɗauki ƙaramar tukunyar ƙasa ya sa cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Shi ke nan fa. Wannan aikin ya sa ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Sirrin abin shi ne wanda iyayenmu mata suka sani game da randa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin tukunyar waje yana bushewa, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya sha zafi mai yawa. Zafin da lita ɗaya ke buƙata kafin ta bushe ƙarƙaf ya haura ninki biyar na wanda zai ɗauko ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Daga ina take samo wannan zafin? Daga cikin tukunyar, inda tumatirinka yake.

Yanzu ku saurara, nan ne wurin da ake faɗuwa. Idan ka haɗa tukwanen ka kai wurin gasa ka ce ga firijin gargajiya, ka maimaita aikin wani ne kawai. Abin da zai zama naka shi ne awo. Samo tumatir 60 daga gona ɗaya, tsinkar rana ɗaya, masu kusan girma ɗaya da nuna ɗaya. Raba su uku. Ashirin a tukunya cikin tukunya, ashirin a tukunya guda ba yashi ba ruwa, ashirin a kwando a inuwa kamar yadda aka saba ajiyewa a gida. Wannan kaso na uku, wanda ba ka yi masa komai ba, shi ne ƙashin bayan aikin, don ba tare da shi ba, ba ka da abin kwatantawa. Kullum da ƙarfe bakwai na safe da biyu na rana ka rubuta zafin kowane wuri. Ka ƙirga nawa suka yi laushi, nawa suka ruɓe. Idan akwai sikeli, ka auna nauyinsu, don tumatir na ramewa tun kafin ido ya gani.

Ɗan ƙaramar sakandare zai iya tsayawa nan, kuma ya yi aiki. Ɗan babbar sakandare kuwa, ni zan so ya ƙara gaba. Wannan dabara ta dogara ne da bushewar iska. A hunturu da bazara tana aiki sosai, a watan Agusta da iska ke cike da laima ƙarfinta na raguwa, kamar yadda wanki ke ƙin bushewa. To nawa ne bambancin a Paki ko Saulawa? Yashin rafi ya fi, ko garin gawayi? Tukunyar da ke zaune a zaure inda iska ke ratsawa, da wadda ke ƙuryar ɗaki, wacce ta fi sanyi? Lita nawa ta ruwa ake zubawa a rana, tun da ruwan ma ba kyauta ba ne? Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane zagaye, sauran ka bar su yadda suke. Idan ka canza yashi ka kuma canza wuri lokaci guda, ko sakamako ya yi kyau ba ka san wanne ya jawo ba.

Har yanzu a kan tumatir, akwai maganar kauɗa. Kusan kashi 94 cikin ɗari na tumatir ruwa ne, shi ya sa kilo goma idan ya bushe ba ya kai kilo ɗaya. Masu shanya a ƙasa ko a bakin titi sun san ƙura da awaki da ƙuda. Akwatin katako mai raga a ciki, baƙin fenti a ƙasa, farar leda a sama, da ƙofofin iska, za a iya gwada shi da shanyar tabarma: wanne ya riga bushewa, wanne ya fi riƙe ja, kuma idan ka wanke kofi ɗaya na kowanne, yashi nawa ya kwanta a ƙasan kwano? Wannan awon na ƙarshe ina son sa, don duk mai miya ta san zafin tauna tsakuwa.

Mu gangara Makarfi, garin rake da mazarƙwaila. Rake daga ranar da aka sare shi yake fara asarar ruwa da zaƙi, kuma dillalai sun sani, sai dai da wuya ka samu wanda zai ce maka nawa. Ɗauki sanduna goma sha biyar, ka auna kowacce. Biyar a rana, biyar a inuwa, biyar a lulluɓe da ganyen rake ana yayyafa ruwa. Auna kullum har mako guda. Aiki ne mai sauƙi ƙwarai, amma jadawalin da zai fito daga ciki, mai lodin rake zuwa Kano zai tsaya ya karanta. Wani kuma ya ɗauki maganar da kowa ke yi cewa gindin rake ya fi kansa zaƙi, ya tabbatar da ita: matse ruwan gindi daban, na tsakiya daban, na kai daban, a dafa kofi ɗai-ɗai har ya kafe, a auna abin da ya rage. Sannan ragowar raken da aka matse, ana iya ƙona shi ya zama gari, a kwaɓa da kullun rogo, a dunƙula, a shanya, a gwada da gawayin itace mai nauyi ɗaya: wanne ya riga tafasa lita ɗaya ta ruwa, wanne ya fi daɗewa yana ci. Wannan dai a fili ake yi, da babba a kusa, ban da cikin ɗaki.

Sai wake, kuma a nan zan ɗan daɗe, don abin ya shafi cikin kowa. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi. Yana sa ƙwai a jikin ƙwayar, tsutsar ta huda ta shiga ta ci, cikin kamar mako uku zuwa huɗu ta fito babba ta sake sa nata. Tsoron wannan ne ke sa wasu zuba fiya-fiya a buhu, kuma saboda ragowar irin wannan maganin Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Su sun ƙi, mu muna ci. Masana a Jami'ar Purdue ta Amurka tare da abokan aikinsu na Afirka sun fito da buhun nan na PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje. Babu magani a cikinsa ko ɗigo. Ana ɗaure shi ne iska ta daina shiga, ƙwarin su shanye iskar da ke ciki, su daina ci da haihuwa, su mutu.

Yaro zai iya gwada wannan da gorar ruwa ta roba. Mudu ɗaya na wake mai ɗan ƙwari, a gauraya sosai, a raba a gora goma sha biyar. Uku a cika su taf a toshe gam. Uku a haɗa da toka. Uku da garin barkono. Uku da busasshen ganyen darbejiya. Uku a bar su haka nan. Duk wanda ba na toshewa ba, a rufe bakinsa da ƙyalle don iska ta shiga, ƙwaro kar ya fita. Me ya sa uku-uku? Saboda gora ɗaya tana iya yi maka ƙarya, wataƙila tun farko ta fi sauran ƙwari. Kafin a fara, a ɗebi ƙwaya ɗari a ƙirga masu huji. Bayan mako takwas a sake ɗiban ɗari daga kowace gora a ƙirga. Idan kana so ka burge alƙalai, ka shuka ƙwaya ashirin daga kowane kaso ka ga nawa suka tsiro, don manomi iri yake ajiyewa, ba na ci kaɗai ba.

Idan kuma barkonon da kakarka ta rantse da shi bai yi komai ba fa? Ka rubuta haka. Sakamako ne. Kar ka gyara lamba don ta yi kyau, malamin da ya san aikinsa da tambaya biyu zai kama ka. Kuma don Allah, ban da fiya-fiya ko ƙwayar maganin buhu a aikin makaranta, ko da sunan kwatance.

Na Kudan da Hunƙuyi da Likoro, yanzu da ake noman inabi a wajenku, gwajin tukunyar nan na tumatir zai hau kan inabi daidai. Ga kuma ruwan rijiya ko na rafi da ke gurɓacewa da damina. Garin ƙwayar zogale yana sa laka ta dunƙule ta kwanta. A zana baƙar alama a gindin farar gora, a riƙa zuba ruwa ana leƙawa ta sama har alamar ta ɓace, a auna tsawon ruwan. A gwada rabin ƙwaya, ƙwaya ɗaya, ƙwaya biyu a lita guda, a kwatanta da alif da kuma ruwan da aka bari ya kwanta da kansa. Ruwan ya yi garau ba yana nufin ƙwayoyin cuta sun mutu ba, saboda haka ba a sha.

'Yan aji ɗaya da biyu kuma, ga zoɓo. Ruwan zoɓon da ba a sa wa komai ba yana canza launi: ɗiga lemon tsami ya ƙara ja, ɗiga ruwan kanwa ko na toka ya juya zuwa kore-kore mai duhu. Da shi za ku jera tsamiya, nono, sabulu, ruwan rijiya, ku ware masu tsami da masu kanwa-kanwa. Abin da littafi ke nuna muku da takardar litmos ke nan, wadda sau da yawa babu ita a makaranta.

Wata magana ga manya. A 2012, a wani baje kolin ƙere-ƙere a Legas, wasu 'yan mata huɗu 'yan sakandare sun nuna janareta da aka ce yana aiki da fitsari, labari ya zaga duniya. Sun yi ƙoƙari sosai. Sai dai masana sun yi tambaya ɗaya: wutar da ake kashewa wajen ware iskar haidirojin daga fitsarin, ba ta fi wadda janaretan ke bayarwa ba? Duk mai son yin aikin da ya shafi wuta, sola ne ko batir ko iskar gas daga kashin shanu, ya shirya wa wannan tambayar: nawa ya shiga, nawa ya fito.

Kayan aiki ba za su gagara ba. Ƙaramin sikelin kicin mai batir da ma'aunin zafi ɗaya za su ishi kulob guda idan an yi karo-karo. Ma'aunin zazzaɓi na asibiti dai ba zai yi ba, don ba ya karanta sanyin tukunya, a nemi na ɗakin gwaje-gwaje. Abu mafi muhimmanci shi ne littafi mai bango, a riƙa rubuta kwanan wata da lambobi da biro a lokacin da aka auna, a ɗauki hoto da waya, kuma a ajiye shi a kan tebur ranar gasa. Malamai, Samaru ba nisa: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan, ga kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris a Makarfi. Wasiƙa ɗaya daga shugaban makaranta tana iya sa a bar yara su ga yadda ake awo na gaske.

Ku lura da lokaci. Zoɓo yini ɗaya ne, rake mako guda, tumatir mako biyu zuwa uku kuma ya fi kyau da rani, wake wata biyu cur. Wanda ya zaɓi wake, ranar da aka sanar da gasa ya kamata ya je kasuwa ya auno mudunsa.

Wanda ya gwada ɗaya daga ciki ya turo mana hoton jadawalinsa, za mu karanta a shiri. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.