Jinyar Wanda Ba Ya Iya Faɗin Inda Ke Masa Ciwo

Jawabi ga 'yan kasuwa da magidanta

 Na san kowannenku ciniki ya bari ya zo, saboda haka ba zan tsawaita ba.

A unguwarku ko a danginku, akwai yaron da ya yi jinkirin zama da tafiya da magana, tsararrakinsa suka wuce shi a makaranta, ya girma har ya yi gemu amma bai iya ƙirga canji ba? Na tabbata kowa ya tuno wani. Wasu kan ce masa dolo, wasu gaula, wasu su ce ɗan ruwa ne, wasu su ce galahanga ce. To, ranar da irin wannan bawan Allah ya kwana da ciwon haƙori, wa zai faɗa wa, kuma da wane baki? A kan wannan tambaya aka gina wani reshe sukutum na aikin jinya a Birtaniya. Shi ne karatun da na yi a jami'a a can, shi ne kuma zan ba ku labarinsa yau.

Mu a wurin aiki muna kiran wannan hali raunin fahimta. Wata takardar manufa da gwamnatin Ingila ta fitar a 2001 ta bayyana shi da alamomi uku: mutum yana shan wahala ƙwarai wajen gane sabon bayani ko koyon sabon aiki, ba ya iya tafiyar da rayuwarsa shi kaɗai ba tare da tallafi ba, kuma abin ya fara ne tun kafin ya balaga. Ku lura, wannan daban yake da taɓin hankali, wanda ciwo ne da kan sami kowa, a yi magani ya lafa. Raunin fahimta yana tare da mai shi har ƙarshen rayuwa, babu ƙwayar da ke cire shi. Amma mai shi yana koyo, yana so, yana ƙi, yana jin zafin wulaƙanci kamar kowa. Wani da shi aka haife shi, kamar masu lalurar Down. Wani kuma doguwar naƙuda ce ta jawo, ko shawara mai tsanani a kwanakin farko, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, ko ƙarancin aidin a abincin uwa, ko gubar dalma irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ta kuma bar wasu da illa a ƙwaƙwalwa.

A Birtaniya, wanda zai karanci jinya yakan zaɓi ɗaya daga rassa huɗu tun ranar shiga jami'a: jinyar manya, jinyar yara, jinyar masu taɓin hankali, ko jinyar masu raunin fahimta. Ƙasar Ailan ma tana horar da irin waɗannan ma'aikata. Karatun digiri ne, galibi na shekara uku. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista ta shar'anta sa'o'i 4,600, rabi a aji, rabi a bakin aiki. A aji ana koyon tsarin jikin ɗan'adam, da ilimin magunguna, da dokokin da suka kare haƙƙin majinyaci. A bakin aiki kuwa ana zagayawa da ɗalibi asibitoci, da makarantun yara masu buƙata ta musamman, da gidajen mutane, wani lokaci har gidajen yari, yana aiki ƙarƙashin idon ƙwararru. Sai sun sa hannu cewa ya iya kafin a ba shi rajista.

Wannan reshe ya haura shekara ɗari, domin a 2019 aka yi bikin cikarsa ƙarni guda. Sai dai farkonsa ba abin alfahari ba ne. A da, manyan asibitoci ake ginawa a bayan gari a tara irin waɗannan mutane dubbai, wasu tun suna yara har su mutu a ciki, aikin ma'aikacin jinya kuma bai wuce gadi da ciyarwa ba. Da labarin cin zalin da ake yi a wasunsu ya fito fili daga ƙarshen shekarun 1960, sai aka shiga rufe su sannu a hankali, mutanen suka koma cikin jama'a.

Rufe waɗancan asibitoci bai kawo ƙarshen matsalar ba. A 2007 wata ƙungiya mai suna Mencap ta fitar da rahoto kan mutum shida masu raunin fahimta da suka rasu a hannun ma'aikatan lafiya saboda halin ko-in-kula. Ɗaya daga cikinsu shanyewar ɓarin jiki ce ta hana shi haɗiya, ya yi kwana 26 a gadon asibiti ba a sama masa hanyar ciyarwa ba. A 2013 masu bincike na Jami'ar Biristol suka bi diddigin mutuwar mutum 247, suka gano cewa maza masu raunin fahimta kan rasu shekara 13 kafin sauran maza, mata kuma shekara 20 kafin sauran mata. Wannan fa a ƙasar da ake ganin likita kyauta ke nan. Da yawa daga cikinsu ciwon da aka san maganinsa ne ya tafi da su, don ba a gano shi da wuri ba.

Dalilin haka shi ne babban darasin da aka yi ta nanata mana. Idan mai raunin fahimta ya sauya hali, ya daina cin abinci, ko ya riƙa kuka, ko ya fara duka, sai kowa ya ce ai halinsa ne. Lalurar da aka san shi da ita takan rufe ido daga ganin sabon ciwo. A shekarata ta biyu an kai ni wani gida inda wani magidanci da ba ya magana ya yi makonni yana buga kansa da bango, har ana shirin ƙara masa maganin sa barci. Malamar da ke horar da ni ta tambayi yayarsa, yaushe abin ya fara, kuma wane gefe yake bugawa? Ta ce kullum hagu, kuma ya daina taɓa gasasshen biredin da yake so. Aka lallaɓa shi aka duba bakinsa, sai ga turmin haƙori ya ruɓe ya tara mugunya. Da aka cire, bugun kai ya tsaya. Ni da nake tsaye da littafina ban yi tunanin haƙori ba, kuma ban manta kunyar wannan rana ba.

Saboda haka ake koya mana magana ta hanyoyi da yawa: gajerun jimloli, hotuna, nuna abu a zahiri, da wata maganar hannu da ake kira Makaton. Ana koya mana jira, domin wani sai an ba shi lokaci kafin amsa ta fito. Ana koya mana ciwuwwukan da suka fi addabar waɗannan mutane: farfaɗiya, da ƙwarewa da abinci har ya faɗa huhu ya zama nimoniya, da taurin bayan gida wanda idan aka yi sakaci yana kisa, da raunin ji da gani. Kusan rabin jariran da aka haifa da lalurar Down suna zuwa da matsala a zuciya, shi ya sa ake duba su tun da wuri. Dokar Ingila ta 2005 kuma ta ce a ɗauka kowane baligi yana iya yanke shawarar kansa har sai an tabbatar da akasin haka, don haka shi ake fara tambaya kafin a juya ga mai rakiyarsa.

Iyayena, ba sai kun je jami'a ba kafin ku ɗauki wani abu daga wannan. A Ingila akwai wata takarda da ake kira fasfon asibiti, kuma kowa na iya yin irinta da fallen takarda guda. Ku rubuta, da boko ko da ajami, ko ku sa ɗan makaranta ya rubuta: sunan da yake amsawa, yadda yake nuna jin zafi, magungunan da yake sha, abincin da ke ƙware shi, abin da ke firgita shi da abin da ke kwantar masa da hankali. Ku da kuke kai marasa lafiya wannan ƙasa da waccan, inda wani ma'aikaci Faransanci ya karanta wani Ingilishi, ku roƙi a juya muku ita a harshen asibitin. Idan an ce muku halinsa ne, ku amsa da ladabi cewa ba haka yake ba makon jiya, ku nemi a duba haƙori da kunne da ciki da fitsari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Idan farfaɗiya ta kama shi a kasuwa, ku janye wuta da ƙarfe daga kusa da shi, ku sa tsumma ƙarƙashin kansa, kada ku danne shi, kada ku cusa masa cokali ko ruwa a baki. Jijjigar na tsayawa ku kwantar da shi a gefensa. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. In ta wuce minti biyar, a nufi asibiti. Mai ciki kuma ta je awo, ta haihu a hannun ungozoma, a yi wa yara rigakafi, a kwana cikin gidan sauro, a sayi gishiri mai aidin, jaririn da idonsa ya yi ɗorawa a kai shi asibiti a ranar.

Ku kuma samari da 'yan mata da ke sha'awar aikin jinya, ko a wace makaranta kuka shiga, ku nemi sanin wannan fanni, domin waɗannan majinyata za su zo gabanku ko kun shirya ko ba ku shirya ba. Wanda ke da irin wannan yaro a gida kuma yana da tambaya, ya same ni bayan an tashi, mu rubuta takardarsa tare.  Allah Ya ba da kasuwa, Ya mai da kowa gida lafiya.