"Hotona ya ɓace ne?" Abin da ke faruwa idan ka koma gyara fom a intanet

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ko netwok bai bar su sun saurara ba.

Tambayar yau daga Tafoki ta zo mana. Wani ƙanenmu ya cike fom na neman tallafin karatu, ya ɗora fasfo ɗinsa. Bayan kwana biyu ya koma gyara lambar waya, sai ya tarar a wurin hoton an rubuta "No file chosen", wato ba a zaɓi komai ba. Har ya fara shirin tafiya kafe a Funtua. Kun dai san kuɗin mota, kun san halin hanya.

To ƙanena, kwantar da hankalinka. Galibi hotonka na nan a ma'ajiyar shafin. Chrome da Firefox da sauransu da gangan ba sa barin kowane shafi ya cike wurin ɗora hoto da kansa. Da ana bari, da mugun shafi sai ya zaɓi hoton takardar NIN ɗinka daga wayarka ya tura wa kansa ba ka sani ba. Tun 1995, a takardar RFC 1867 da ta kawo tsarin ɗora fayil a fom, aka yi gargaɗin kada a tura abin da mutum bai zaɓa da hannunsa ba.

Amma fa akwai inda matsalar take. Idan wanda ya gina shafin bai kula ba, kana danna ajiyewa, sai shafin ya ɗauka ka cire hoton ne, ya share tsohon. Ka gyara lamba, ka rasa fasfo, fom ya tafi ba fuska.

Don haka shawarata uku ce. Kafin ka taɓa komai, duba ko ana nuna ƙaramin hotonka a gefe. Bayan ka ajiye, sake buɗe fom ɗin ko silif ɗinka ka tabbatar yana nan. Sannan ka bar ainihin hoton a wayarka, domin idan fom ya dawo da kuskure, sau da yawa sabon hoton da ka zaɓa shi ma yana faɗuwa, sai ka sake zaɓa.

Ku kuma matasanmu masu koyon gina shafi, na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wannan aikinku ne. Kada ku tilasta ɗora hoto a shafin gyara. A PHP, idan ba a turo fayil ba za ku ga lambar kuskure 4. Kun gan ta, ku bar tsohon hoto yadda yake. Django kuwa yana nuna wanda ke ajiye, ya ba da wurin sharewa daban. Kuma kada ku goge tsoho sai sabo ya zauna lafiya.

Wanda irin haka ta taɓa samunsa, ya faɗa mana a ƙasa yadda ya ƙare. A tura wa masu cike fom. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.