Jawabin Sakataren Ƙungiya Kan Katin Inshorar Lafiya

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu, da sauran 'yan uwa mazauna Sabo a nan Ibadan.

Na nemi a ba ni ɗan lokaci ne saboda koke-koken da ke zuwa ofishina a kan katin inshora. Ni ma abin bai bar ni ba. Watan jiya na kai maiɗakina asibitin da muka yi rajista, likita ya ce sai an yi mata hoto a babban asibiti. Tun hantsi har la'asar muna kan benci, wai ana jiran lambar izini daga kamfani. Ƙarshe na sa hannu a aljihu na biya, ga kati a hannuna.

Bayan nan na bi diddigin yadda abin yake. Gwamnati ta ƙaddamar da shirin NHIS a 2005, sannan dokar 2022 ta mai da shi hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan duk mazaunin Nijeriya. Mazauni aka ce, ba ɗan asalin jiha ba, don haka kada wani ya ji kamar alfarma ake yi masa.

Tsakaninka da asibiti akwai kamfanin da ake kira HMO. Asibitin da ka zaɓa ana biyansa wani ƙayyadadden kuɗi a kanka, ko ka je ko ba ka je ba. Ke nan duk abin da bai kashe maka ba ya zama ribarsa. A ganina nan ne tushen "magani ya ƙare, je ka kemis". Idan kuma kamfani ya jinkirta biyan asibiti, fushin a kanka ake sauke shi.

Game da lambar izini, a 2025 hukumar ta umarci kamfanoni su bayar da ita cikin awa ɗaya, kuma mai ciwon gaggawa a fara yi masa magani kafin a nemi lamba. Da na san haka, da ban wuni a benci ba.

Sai maganar da ta fi shafarmu. A tsarin ma'aikatan gwamnatin tarayya, katin yana ɗaukar ma'aikaci, mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu da 'ya'ya tara fa? Sauran sai an yi musu rajista daban da ƙarin kuɗi. Ku yi ta tun ana lafiya, kada amarya na naƙuda a ce babu sunanta.

Wanda aka sa ya biya abin da bai kamata ba, ya karɓi rasit, ya rubuta rana da lokaci. Wanda bai iya rubutu ba ya zo mu rubuta masa. Ni ma da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ku kawo mini takardun bayan sallar Juma'a, mu haɗa su mu kai ofishin hukumar da sunan ƙungiya.