Majinyaci Amana Ne: Nasiha Ga 'Ya'yanmu Sababbin Nas-Nas



Mu 'yan kasuwa ne, ba mu san allura ba sai dai a yi mana. Amma mun sha kwana a barandar asibiti muna jinyar 'yan'uwa. Da ɗan abin da muka gani can ne za mu yi nasiha ga 'ya'yanmu da suka gama karatun jinya, suka karɓi lasisi.

Tun 1916 aka kafa Sabo a nan Ibadan, amma har gobe baƙi na sauka: mai shanu, mai sarin goro, tsohuwar da ta zo yi wa 'yarta wankan jego. Da yawansu ba Yarbanci, ba Turanci. In ciwo ya kayar da su, sai baƙunta ta zama biyu.

Mun taɓa kai wani dattijo, fataken shanu, wani asibiti za a yi masa tiyata. Aka gaya masa da Turanci kada ya ci komai tun dare. Ya gyaɗa kai don kunya, alhali bai ji ba. Da asuba ya sha kokonsa da ƙosai. Aka ɗage aikin, aka yi masa faɗa, ya ƙara kwanaki, guzurinsa ya ƙare. Jama'a, da an sami mai ce masa, "Baba, ka gane?" ai da ba a yi haka ba.

To 'ya'yanmu, ga roƙonmu. Na farko, ku gaida majinyaci kafin ku taɓa shi, ku saurare shi. In kun ba da magani, ku sa ya maimaita muku yadda zai sha. Mai tarin fuka, ku fahimtar da shi cewa wata 6 ne cur, ko ya ji sauƙi kada ya daina. Mai hawan jini, ku gaya masa ciwon yakan ɓoye, rashin ciwon kai ba warkewa ba ne.

Na biyu, wanda ya zo a makare bayan ya gama shan saiwoyi, kada ku tarbe shi da tsawa. In kun kunyata shi yau, gobe ba zai dawo ba.

Na uku, ku ja labule, ku suturta mata, ku riƙe asiri. Sabo kowa ya san kowa. Abin da kuka gani a kati, kada ya biyo ku gida.

Kuma tausayin nan ba na Bahaushe kaɗai ba ne. Bayarabe, Ibo, Kirista, Musulmi, ciwo bai tambayi garinsu ba. Ku tuna da Rufaida, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, har da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ.

Mun sani akwai aikin dare, ga marasa lafiya rututu, ga ma'aikata kaɗan. Saboda haka mu ma iyaye da namu: mu kai mara lafiya da wuri, mu bi layi, kada mu matsa musu su tsallake wani don mu.

Allah Ya sa albarka a hannuwanku, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum.