Shafi Ɗaya Tak: Rubuta Aƙidar da Ka Tsayu a Kanta



Mu da muka fito daga Yankwashi da Roni da Gwiwa da Kazaure da Babura, jami'a ta koya mana kawo ra'ayoyin masana, wane ya ce kaza, wane kuma ya mayar masa da kaza. Amma da za a miƙo mana takarda a ce kowa ya rubuta abu guda da ya tsayu a kansa, kada ya wuce shafi ɗaya, lalle da alƙalami ya yi wa yawancinmu nauyi. Ba rukunan imani muke nufi ba, waɗannan mun san su tun muna makarantar allo. Muna nufin halin da mutum ba zai sake shi ba ko da riƙonsa zai jawo masa hasara.

Irin wannan rubutu ba baƙon abu ba ne. A Amurka, daga 1951 zuwa 1955, ɗan jarida Edward R. Murrow ya gudanar da wani shirin rediyo inda manya da talakawa suke karanta aƙidarsu cikin 'yan mintoci kaɗan. A nan gida kuwa, jaridar da aka kafa a Zariya cikin 1939, wadda Malam Abubakar Imam ya yi wa edita, sunanta kansa aƙida ce cikin kalmomi huɗu, wato Gaskiya Ta Fi Kwabo.

To, sharuɗɗan wannan aiki uku ne. Na farko, a zaɓi abu guda. A cikin 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa halaye goma, cikinsu har da gaskiya da amana da haƙuri da kunya da adalci. Ɗalibin da ya kwashe goman nan duka ya zuba a takarda bai faɗa mana kome game da kansa ba, gama kowa ya yarda da su a baki.

Na biyu, a kawo wurin da aƙidar ta sha gwaji. Wanda ya zaɓi amana, alal misali, kada ya tsaya yi mana fassarar kalmar. Ya ba mu labarin manomin da maƙwabcinsa ya bar wa ajiyar gero ya tafi cin rani, sa'an nan bazara ta yi tsanani, rumbun mai ajiya ya ƙare, amma bai zare ko zangarniya ɗaya daga na ajiyar ba. Ya faɗi abin da iyalin gidan suka sha, da abin da shi marubucin ya ɗauka daga nan.

Na uku, a yi magana da bakin kai. "Ya kamata al'umma ta gyara" zance ne mai araha, ba ya ɗaure kowa. "Ni ba zan taɓa kuɗin da aka ba ni ajiya ba" kuwa alkawari ne, mai shi ya sa wa kansa dabaibayi.

'Yan'uwa, tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa cikin 1991, masu ilmi irinmu ne ake damƙa wa ofisoshinta da baitulmalin ƙananan hukumominta. Gobe kuɗin rijiyar wani ƙauye, ko albashin malaman firamare, zai biyo ta teburin ɗayanmu, kuma ba a ranar nan ake fara neman aƙida ba, domin ran wanka ba a ɓoyon cibi. Saboda haka muna roƙon kowa ya rubuta shafinsa kafin ya bar jami'a, ya sa hannu da kwanan wata, ya ba wani amininsa ya ajiye. In ya kauce, takardar ta zama shaida a kansa. In ya tsaya, ta zama gado ga 'ya'yansa.

Allah ya ba mu ikon cika abin da muka rubuta, amin. Wassalam.