Wa ke yi wa mata masu zaman kansu lissafi?

Ina gaida iyayena 'yan kasuwa da 'yan uwana ma'aikata na Dantchiao, da baƙinmu na Magariya da Dungas.

Maganar da na zo da ita ba a saba yin ta da rana tsaka ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina nufin mata masu zaman kansu. Hukuncin sana'arsu na bar wa malamai, sun fi ni sani. Ni a kan kuɗinsu zan tsaya, domin da yawa daga cikinmu muna ci daga ciki: mai gidan haya, mai atamfa, mai canji, har mai sayar da turare.

A shekarar 2000, da Zamfara, Kano, Katsina da Jigawa suka kafa shari'a, mata da dama sun ƙetaro iyaka suka sauka a garuruwan Nijar. Kuɗin haya ya tashi, ciniki ya buɗe. To, wa ya zauna da ɗayarsu ya raba mata jari da riba? Magajiya tana sasanta rigima, tana kai kuka wajen hukuma, amma lissafi ba aikinta ba ne. Sai kawali, wanda dokar ƙasarmu ta tanadar wa ɗauri, ya zama shi ne mai ba da shawara. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Ku dubi sha'anin canji kawai. Mu mutanen bakin iyaka da kuɗi biyu muke kwana. Dattawa na tuna Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Amma tun 1999 sefa na ɗaure da yuro, kusan 656 kan yuro ɗaya, naira kuwa sai zamewa. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, baƙin kasuwa suka ɗauke ƙafa. A farkon 2023 canjin takardun naira 200, 500 da 1000 ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, a watan Yuni kuma aka saki naira ta faɗi. Matar da ta tara nata a ƙarƙashin katifa, da naira, ta wayi gari gumin shekaru ya narke. Alhaji mai shago ya san ya juya nasa zuwa gero, ko riɗi, ko awaki. Ita ba wanda ya gaya mata.

Ga kuma bashin atamfa, wanda ake ba ta da tsada, a riƙa karɓa kaɗan-kaɗan har zanen ya koɗe ba ta gama biya ba. Kada ku sunkuyar da kai, na san littafin wasunku.

Dabarar kuwa ba daga Turai za a ɗauko ta ba. A Maraɗi aka soma tsarin Mata Masu Dubara a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE: mata su haɗu, su zuba kowane mako, su ranta wa junansu, a raba in zagaye ya cika. Yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da yawa. Sai dai matan aure kan ƙi zama tabarma ɗaya da waɗannan, alhali su suka fi bukatar jarin tuwo-tuwo ko keken ɗinki, ranar da ƙuruciya ta juya baya ko aure ya samu.

Roƙona biyu ne. 'Yan kasuwa, ku rubuta bashi a takarda, da farashinsa na gaskiya, a gaban shaida. Ma'aikatan magajin gari, ku ba su malama guda mai iya lissafi, su buɗe akwatin asusu nasu na kansu, makullan kuma su zauna a hannun matan.